An Riga An Yi Sallama

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare a Tartu.
Kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada,
fankar kwamfutata kuwa sai huci take
kamar tukunyar da aka manta a kan wuta.

Kaarel ne ya rubuto da yamma, daga ɗakin gwajin asibiti:
"Ülle, in na rufe tagar baƙin allon nan,
manhajarki ta karɓar umarni ba ta mutuwa.
Tana nan a ɓoye tana shanye ƙarfin na'ura.
Jiya ta cika mana faifai da jimla guda
sau miliyan goma sha ɗaya."

Na buɗe kundin. Ga jimlar:
an kasa rubutu, za a fita.
an kasa rubutu, za a fita.
Na ja ƙasa, na ja, har yatsana ya yi tsami,
ko wasali ɗaya bai sauya ba.

Shayi ya huce. Na gutsuri baƙin burodi,
na bi sawun abin layi-layi
kamar mai neman allura a cikin tabarma.

Ashe laifin ladabi ne, kuma ni na koya mata.
Shekara shida da suka wuce na rubuta:
kafin ki fita, ki adana tarihin umarni,
ki mayar da allo yadda kika same shi,
ki ce sai an jima.
A wani fayil can, wata rana daban, na rubuta:
in rubutu ya gagara, ki fita.

To, an rufe taga.
Ta juyo za ta yi sallama, babu allo, babu kowa.
Rubutu ya gagara. Doka ta ce fita.
Fita ta ce yi sallama tukuna.
Ta juyo za ta yi sallama.

Na janye hannuna daga madannai.

Mahaifina, Endel, yana can Elva, tafiyar rabin sa'a a jirgin ƙasa.
Tun da muka binne Mama a watan Afrilu,
kullum dare sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta
ya ce sai da safe, Salme.
Ya jira.
Ya je ya duba murhu, ya taɓa sakata,
ya dawo ƙofar.
Ranar da na kwana can na ƙirga sau tara,
sannan barci ya ɗauke ni, shi kuwa ban sani ba.

Gyaran layi uku ne.
'Yar alama guda, da farko a kwance.
Duk wanda ya shigo hanyar fita, ya tayar da ita.
In ya sake shigowa ya tarar da ita tsaye,
kada ya ce uffan, kada ya waiwaya,
an riga an yi, ya wuce.

Na haɗa, na kunna, na rufe taga da gangan.
Na leƙa jerin masu aiki a cikin na'ura:
babu sunanta.
Fanka ta sassauta, ta sassauta,
har na ji motar kwashe ƙanƙara tana wucewa a titin Riia.

A wurin bayanin gyara na rubuta:
"Kada a jira amsa daga allon da aka rufe."
Na goge. Na sa: "Hana sake shiga aikin fita."
Kaarel zai fi gane wannan.

Biyu da rabi.
Na san fitilar baranda tana kunne a Elva.
Na ɗauki waya. Bugu ɗaya ya amsa,
muryarsa garau, ta wanda bai kwanta ba.
Na ce, Baba, ni ce.
Faɗa mini, ina ji.
Ya yi shiru, dogo.
Ya ce sai da safe.
Na ce Allah ya kai mu.